Ishaku na Nineba: tambayoyi da amsoshi kan bishop ɗin da ya ajiye kujera ya koma dutse

Wane ne Ishaku na Nineba, kuma a ina ya rayu?

Kirista ne mai zuhudu da ya rayu a ƙarni na 7. An haife shi a yankin da Kiristocin wancan zamani suke kira Bet Ƙatraye, wato gaɓar Tekun Fasha ta ɓangaren Larabawa, inda Katar da Bahrain da gabashin Saudiyya suke a yau. Jama'a kan yi mamaki in sun ji haka, amma a lokacin akwai majami'u da gidajen masu zuhudu a wannan gaɓa. Masu tonon kayan tarihi sun gano kangon coci a kusa da Jubail, da kangon gidan zuhudu a tsibirin Sir Bani Yas na Abu Dhabi.

Ishaku ɗan Ikkilisiyar Gabas ne, wadda cibiyarta take ƙasar Iraki, kuma da harshen Suryani ya yi rubutu, ɗan'uwan Aramiyancin da Yesu ya yi magana da shi. A shekarar 676 shugaban ikkilisiyar, Giwargis na Ɗaya, ya zo yankin ya kira taron bishop-bishop a Darin, wani gari a gabashin Saudiyya ta yau. Shi ne ya tafi da Ishaku arewa, ya naɗa shi bishop na Nineba a gidan zuhudu na Bet Abe. Nineba kuwa ita ce birnin da aka aiki Annabi Yunusa, a ƙetaren kogin Dijla daura da Mosul. Duk wannan a zamanin halifancin Mu'awiya ne.

Me ya sa ya bar kujerar?

Wata biyar kacal ya yi ya ajiye. Isho'dnah na Basra, wanda ya rubuta tarihin masu zuhudun Gabas a ƙarni na 9, bai faɗi dalili ba, cewa kawai ya yi Allah ne ya san dalilin.

Akwai wani labari da ya zo daga baya, wanda ake yawan bayarwa. Wai mutum biyu suka kawo ƙara gabansa, ɗaya yana bin ɗaya bashi. Wanda ake bi ya amsa, ya roƙi a ɗaga masa ƙafa. Mai kuɗi ya ce atafau, ko a biya shi ko ya kai gaban alƙali. Ishaku ya tuna masa cewa Linjila ta ce wanda ya ɗauki kayanka kada ka neme su a hannunsa, balle ɗan jinkirin da aka roƙa. Mutumin ya ce a ajiye maganar Linjila gefe tukuna. Ishaku ya ce in za a ajiye Linjila gefe, to me ya kawo shi nan? Labarin ba ya cikin tarihi mafi daɗewa, amma duk wanda ya karanta rubutunsa zai ce halinsa ke nan.

Daga Nineba ya nufi dutsen Matut a yankin Khuzistan, kudu maso yammacin Iran ta yau, ya zauna cikin masu kaɗaita. An ce gurasa uku yake ci a mako da ɗan ganye. Daga baya ya koma gidan zuhudu na Rabban Shabur. Yawan karatu da ƙuntata wa jiki suka cinye masa ido, har ya zama yana faɗa almajirai suna rubutawa. A can ya rasu da tsufa, wajajen shekarar 700, a can aka binne shi.

Me ya rubuta, kuma ta yaya ya iso hannunmu?

Jawabai ne da nasihohi ga 'yan'uwansa masu zuhudu. Bai tsara su babi bayan babi kamar littafin makaranta ba. Yakan kama zance ya saki, ya dawo kansa a gaba, wani lokaci yana tsakar bayani sai ya juya ya shiga addu'a.

Rubutun nasa kashi-kashi ya iso mana. Kashi na farko, mai jawabai 82, shi ne ya zaga duniya. Wajen ƙarshen ƙarni na 8 ko farkon na 9, wasu masu zuhudu biyu, Patrikiyos da Abramiyos, suka mayar da shi Girkanci a gidan zuhudu na Mar Saba kusa da Urushalima. Ya kuma shiga Larabci, da harshen Jojiya, da Latin, da tsohon harshen cocin Slabawa, da Ge'ez na Habasha. An buga na Girkanci a Leipzig a 1770, na Suryani kuma Paul Bedjan ya buga shi a 1909.

Kashi na biyu an ɗauka ya ɓata, sai a 1983 masanin Suryani Sebastian Brock ya gano cikakken kwafinsa a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford, ya fitar da babban ɓangarensa a 1995. Kashi na uku ya fito daga wani rubutun hannu da aka samu a Tehran, Sabino Chialà ya buga shi a 2011. Ke nan mu na yau mun fi waɗanda suka yi ƙarnuka suna haddace shi a Girka da Rasha ganin rubutunsa.

Mene ne jigon koyarwarsa?

Jinƙai. Duk inda ya shiga, can yake ɓullowa.

Akwai wurin da aka tambaye shi mece ce zuciya mai jinƙai. Ya ce ita ce zuciyar da take ƙuna saboda dukan halitta: mutane, tsuntsaye, dabbobi, har da aljannu. Mai irin wannan zuciya in ya tuna da su ko ya gan su sai hawaye su zubo masa, ba ya iya jure ganin an cuci wani abu mai rai, ko da cutar ƙanƙanuwa ce. Saboda haka yakan yi addu'a da hawaye domin dabbobin da ba su da hankali, da maƙiyan gaskiya, da waɗanda suke cutar da shi kansa, har da masu ja da ciki, domin Allah ya kiyaye su ya ji ƙansu. Ya ce wannan tausayi marar awo shi ne kamannin Allah a cikin mutum.

A lura da wanda yake faɗar wannan. Tsoho ne da yake zaune shi kaɗai a dutse, inda maciji da kunama ba labari ba ne, a ƙasar da ta sha yaƙe-yaƙen Rumawa da Farisawa, sannan mulki ya sake hannu a idonsa. Ba mutum ne da bai san mugunta ba. Abin da yake cewa shi ne, in mutum ya daɗe a gaban Allah, zuciyarsa takan fara ɗaukar halin Wanda take kallo, Shi kuwa yana sa rana ta fito wa mugaye da nagari. A wurin Ishaku ma'aunin ibada ke nan. Wanda azuminsa da tsayuwar darensa suka ƙara masa taurin kai a kan mutane, to akwai inda ya kauce hanya.

Bai bar maganar a sama ba. Ya ce in za ka ba da kyauta ka bayar da sakin fuska, ka ƙara a kan abin da aka roƙa. Kada ka tsaya tantance wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba. Ka girmama kowa, ko Bayahude ne, ko marar bangaskiya, ko mai kisan kai, domin ɗan'uwanka ne da kuka fito daga tushe ɗaya. In ka ga wani ya faɗa cikin zunubi, ka shimfiɗa mayafinka ka rufe shi. Mu da muka taso da sanin darajar rufin asiri ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi a nan, sai dai shi ya kai abin inda yawancinmu ba ma kaiwa: har wanda ya tona naka asirin, kai ka rufa nasa.

Da gaske ne ya ce kada a kira Allah mai adalci?

Ya faɗa, kuma ya san maganar za ta girgiza mai ji. Nufinsa shi ne, in ka dubi yadda Allah yake yi da kai, ba za ka ga ma'auni ba, alheri za ka gani. Ya kafa hujja da misalai biyu na Yesu. Na farko ma'aikatan garkar inabi a Matiyu 20, inda wanda aka ɗauka dab da faɗuwar rana ya karɓi lada daidai da wanda ya sha rana tun safe. Na biyu ɓataccen ɗa a Luka 15, wanda ya ɓarnatar da gadonsa, uban ya hango shi daga nesa ya sheƙa ya rungume shi tun bai gama ba da haƙuri ba. Ishaku ya ce ina adalci a nan? Muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu.

Bai ce Allah azzalumi ne ba, haram. Cewa yake adalcin da muka sani, na ramuwa da biyan kowa daidai da aikinsa, ya yi ƙanƙanta a auna Allah da shi. Ya ce zunuban dukan 'yan Adam a gaban jinƙan Allah kamar tafi guda ne na yashi da aka watsa a teku. A kashi na biyu ma ya ƙara gaba, ya ce babban dalilin zuwan Almasihu da gicciyensa shi ne duniya ta san irin ƙaunar da Allah yake yi wa halittarsa.

To Jahannama fa? Ya musanta ta?

Bai musanta ba. Amma abin da ya faɗa a kanta shi ne ya fi jawo masa magana, tun a da har yau.

A kashi na farko ya ce waɗanda suke Jahannama da bulalar ƙauna ake dukansu. Kuskure ne, in ji shi, a ce an yanke su daga ƙaunar Allah. Ƙaunar guda ce, tana isa ga kowa, sai dai aikinta iri biyu ne: ga wanda ya riƙe ta daɗi ce, ga wanda ya ci amanarta kuwa azaba ce, irin zafin da mutum yake ji in ya gane cewa masoyinsa na gaskiya ya cuta. Ya ce wannan nadama ta fi kowace azaba ciwo.

A surorin ƙarshe na kashi na biyu ya fito fili. Ya ce Allah ba mai rama mugunta ba ne, mai gyara ta ne. Tun kafin ya yi halitta ya san abin da kowa zai aikata, duk da haka ya halitta, saboda haka zunubinmu bai zo masa da bazata ba balle ya sauya masa zuciya. Daga nan ya ce Jahannama tana da iyaka, kuma akwai wata manufa ta jinƙai a ɓoye cikinta da za ta bayyana a ƙarshe. Ya jingina da manyan malaman ikkilisiyarsa, Tiyodor na Mopsuwestiya da Diyodor na Tarsus. Amma nan take ya gargaɗi mai karatu da cewa ɗanɗanon Jahannama abin tsoro ne ƙwarai ko da yana da iyaka, wa zai iya jure shi?

Dole a faɗi gaskiya: yawancin ikkilisiyoyi, na Gabas da na Yamma, ba su koyar da cewa azabar tana ƙarewa, kuma suna da ayoyinsu, kamar ƙarshen Matiyu 25. Tun a zamanin da, wani bishop mai suna Daniyel bar Tubanita ya rubuta raddi kan wasu maganganu uku na Ishaku. Ni dai ban ɗauki wannan ra'ayi nasa a matsayin aƙidar da za a tsaya a mumbari a shelanta ba. Na ɗauke shi a matsayin begen mutumin da ya shafe rayuwarsa yana kuka domin wasu, har ya kasa yarda cewa tausayinsa zai fi na Mahaliccinsa. Ko wanda bai bi shi zuwa ƙarshen maganar ba, ya kamata ya tsaya ya duba zuciyarsa in ya ji tana jin daɗin ambaton wutar da wasu za su shiga.

Wannan ba zai sa mutane su yi sakaci da zunubi ba?

Wanda ya karanta shafi goma nasa ba zai yi wannan tsoro ba. Mai sauƙi ne ga kowa, mai tsanani ne ga kansa. Ya ce an ba mu ran nan domin tuba, kada mu ɓata shi a wasu abubuwa, kuma tuba ba ta ƙarewa sai ranar mutuwa, ga mai zunubi da adali duka. Ya ce wanda ya san zunubinsa ya fi wanda yake ta da matattu da addu'arsa, wanda kuma aka ba ikon ganin kansa ya fi wanda aka ba ikon ganin mala'iku.

Hawaye suna da babban matsayi a wurinsa. Yana ganinsu a matsayin iyaka tsakanin rayuwar jiki da ta ruhu, kamar kukan jariri ranar haihuwa. Ya yi maganar hawayen da kan zubo wa mai ibada dare da rana har shekara biyu ko fiye, kafin su lafa su zama salama. Sai tawali'u, wanda ya kira tufafin Allahntaka, domin shi Almasihu ya yafa ya zo wurinmu. Ya ce mai tawali'u in ya tunkari namun daji sukan kwantar da kai, domin suna jin ƙanshin da Adamu yake da shi kafin ya faɗi.

Me ya koyar game da addu'a da shiru?

A zamaninsa akwai wasu da ake kira Mesaliyawa, da ake zargi da rena ibadar zahiri da sunan sun kai matsayin ruhu. Ishaku bai bi su ba. Ya riƙe karatun Zabura, da sujada goshi a ƙasa a gaban gicciye, da azumi, da tsayuwar dare, wadda ya fifita a kan ibadar rana. Har ya ce addu'ar da jiki bai wahala a cikinta ba, zuciya kuma ba ta ji zafi ba, kamar ɓari ce.

Sai dai waɗannan duka hanya ce. Gaba da su akwai abin da ya kira tsarkakakkiyar addu'a, inda tunani ba ya yawo, kuma ya ce da ƙyar a sami mutum guda cikin dubbai da ya kai nan. Gaba da ita kuma akwai inda addu'a kanta take tsayawa. Harshe ya yi shiru, roƙo ya ƙare, mutum ba ya ma san yana cikin jiki ba, mamakin Allah kaɗai ya rage. Wannan ba a samunsa da ƙoƙari, kyauta ce, kuma ya ce da ƙyar a sami mutum ɗaya a zamani guda. Shi ya sa yake cewa magana kayan aikin duniyar nan ce, shiru kuwa asirin zamani mai zuwa.

Idan mutum ya yi addu'a ya ji kamar ba kowa fa?

A nan ne tausayinsa ya fi taɓa ni. Ya san akwai lokacin da duhu kan rufe mai ibada, ya buɗe Littafi ya kasa karantawa, ya durƙusa ya ji zuciya kamar dutse, har shakka ta shigo masa game da tashin matattu da sauran abin da ya gaskata. Bai ce rashin bangaskiya ba ne, bai kuma ce a ƙara azumi ba. Ya ce in ba ka da ƙarfin faɗuwa rubda ciki ka yi addu'a, ka lulluɓe kanka da mayafinka ka kwanta ka yi barci har sa'ar duhun ta wuce, amma kada ka bar ɗakinka. Ya ƙara da cewa a nemi wanda ya taɓa shiga irin wannan hali a gaya masa.

Me ya ce game da kishin addini?

Ya yi masa kallon cuta. Ya ce zafin kishi a kan laifin wasu ba hikima ba ce, ciwon rai ne da yake fitowa daga ƙuncin tunani da jahilci, kuma mai shi ba ya taɓa samun salama. Ya ce wanda ya ɗanɗani gaskiya ba ya rigima a kanta, mai tada jijiyar wuya saboda gaskiya bai riga ya san yadda take ba. Shawararsa ita ce a tsananta maka, kai kada ka tsananta, a yi maka ƙazafi, kai kada ka yi. In ba za ka iya sa zuciyarka ta yi shiru ba, to ka kame bakinka.

Ba yana nufin a bar gaskiya ba ne. Shi da ya bar kujerar bishop ba mai sassauci ba ne a kan abin da ya gaskata. Mu da muka ga abin da zafin kai da sunan Allah ya jawo a garuruwanmu, a ɓangarorin biyu, muna da dalilin sauraron tsohon nan.

Yana da alaƙa da sufayen Musulunci?

Kamanni akwai: halwa, zuhudu, tsayuwar dare, kukan tsoron Allah, ambaton Allah ba fasawa, matakan da mai tafiya yake bi. A. J. Wensinck, masanin nan ɗan Holan da ya mayar da kashi na farko Turanci a 1923, ya jera irin waɗannan kamanni tsakaninsa da malamai irin su Imam Gazali. Kuma yankin da ya zauna maƙwabcin Basra ne, garin da Hasanul Basri da Rabi'atul Adawiyya suka rayu. Amma kama da wane ba ta wane. Sufaye daga Alƙur'ani da Sunna suke kafa hujjarsu, Ishaku kuwa komai nasa a kan Almasihu da gicciye yake tsaye, malamansa kuma su ne masu zuhudu na da, Ebagiriyos da Yohanna na Afamiya, da dattawan hamadar Masar. Girmama kowane ɓangare shi ne a bar shi da tushensa.

Ni mai iyali ne, ina kasuwa ko ofis. Me zan ɗauka a wurin mai zaman dutse?

Ɗan'uwa, gaskiya ba domin mu ya rubuta ba, kuma akwai shawarwarinsa na guje wa mutane da in magidanci ya bi su zai zalunci iyalinsa. Shi kansa ya bambanta hanyar mai kaɗaita da ta mai zama cikin jama'a, wanda aikinsa sadaka ne da hidimar maƙwabci. Abin da ya rage mana yana da yawa duk da haka: ɗan lokaci na shiru kafin gari ya waye, kame baki daga zancen wanda ba ya nan, kyauta ba tare da bincike ba, addu'a da suna domin wanda ya cuce ka. Ya ce ka yi sulhu da ranka, sama da ƙasa za su yi sulhu da kai, kuma tsanin hawa Mulkin Allah a cikinka yake ɓoye. A karanta shi kaɗan-kaɗan, sakin layi ɗaya ya isa yini.

Ikkilisiyarsa ba ita ake kira ta Nastoriyawa ba? Yaya sauran Kiristoci suka karɓe shi?

Ita ce, ko da yake 'ya'yanta ba sa son wannan suna, wanda aka ciro daga na Nastoriyos, bishop ɗin Ƙustandiniya da aka tsige a ƙarni na 5. Ta rabu da ikkilisiyoyin daular Rum tun rigingimun ƙarni na 5 kan yadda za a bayyana Allahntaka da mutuntakar Almasihu, kuma an daɗe ana yi mata kallon ɓatacciya. Duk da haka rubutun Ishaku ya tsallake shingen. Masu kwafa sun taimaka da dabara: a wasu kwafe-kwafen an cire sunayen malaman da ake ƙyama, irin su Ebagiriyos da Tiyodor, an sa na waɗanda aka yarda da su, har aka ƙirƙira masa tarihin da ya mayar da shi ɗan wata ikkilisiya dabam.

A yau Otodoks na Girka da Rasha suna tunawa da shi ranar 28 ga Janairu tare da Afrem na Suriya, kuma masu zuhudun Dutsen Atos na ƙasar Girka suna ɗaukarsa cikin manyan jagorori. A Masar, Paparoman Kibɗawa Kirilos na Shida da mai zuhudu Matta al-Miskin sun sha daga rubutunsa. A Habasha, littafin Mar Yishaƙ, wato Ishaku, yana cikin littattafai uku na masu zuhudu da ake karantarwa a makarantun coci na gargajiya. A Doha akwai cocin Otodoks da ke ɗauke da sunansa tare da na Waliyyi Jojis. A watan Nuwamba na 2024, lokacin da Mar Awa na Uku, shugaban Ikkilisiyar Gabas ta Assuriyawa, ya ziyarci Batikan domin cika shekara 30 da sanarwar haɗin gwiwa da ikkilisiyarsa da ta Katolika suka yi a 1994 kan Almasihu, Paparoma Francis ya sanar da cewa za a sa sunan Ishaku na Nineba a kundin tsarkakan Cocin Katolika.